Kafin Bango Ya Tsage

  Ina gaishe da mutanen Zakirai, da na Garun Danga, da Zugachi, da Mekiya, da Joda, da Yumbu, da duk wanda muryata ta iske a ƙasar Gabasawa. Ina gaishe da dattijon da ke zaune a dakali, rediyo a gefensa. Ina gaishe da iyayenmu mata a tsakar gida, hannu na aiki, kunne na saurare. Sannunku da kaka. Allah ya sa wa abin da aka zuba a rumbu albarka.

Yau maganar gida za mu yi. Sayensa, da sayar da shi, da riƙonsa. Da gangan na zaɓi wannan lokaci. Ruwa ya ɗauke. An cire gyaɗa, an girbe gero da dawa, wake ya shiga buhu. Ɗan kuɗi ya shigo hannu. Yanzu ne ake sa ranar aure, ake neman inda za a ajiye amarya. Yanzu ne dillalai ke zirga-zirga, magina ke kwaɓa ƙasa. To kafin kowa ya zura hannu a aljihu, mu zauna mu yi shawara.

Magana ɗaya na zo da ita. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gida kuwa bango biyu gare shi. Akwai na ƙasa, wanda kowa ke gani. Akwai na shaida da takarda, wanda ba a tuna shi sai ranar rigima. Kowannensu yana tsagewa. Kowannensu kuma tun tsagar tana ƙarama ake toshe ta.

Ku dubi ƙasarmu. Ka taso daga Kano, ka biyo ta Gezawa har ka iso Zakirai, ina dajin yake? Gona ce ke bin gona, gari na hangen gari. Tun a shekarun 1960 wani Baturen masani, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Ya nuna yadda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, sai dai a bi ta da taki kowace shekara. Tun wancan lokaci ke nan. Ƙasar ba ta ƙaru ba, mu ne muka ƙaru. A da, baƙo ya zo sai a nuna masa wuri a ce ya kafa bukkarsa. Yau taku ɗaya na ƙasa yana raba wa da ƙani.

To, mu fara da mai saye.

Malam, an nuna maka gida, ya kwanta maka a rai. Kafin ka tambayi nawa ne, tambayi na wane ne. Ita ce tambaya ta farko, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Ba duk mai riƙe da makulli ne mai gida ba. A karkararmu yawancin gidaje na gado ne. Uba ya rasu, babban ɗa ya ci gaba da zama, ba a raba ba. Shekara goma, shekara ashirin, har unguwa ta saba kiran gidan da sunansa. Alhali akwai ƙaninsa da ya tafi Legas neman kuɗi. Akwai ƙanwarsa da ke aure a Ringim. Akwai matar uban, mai tumunin takaba. Wataƙila ma akwai marayu, 'ya'yan wani ɗan'uwa da ya rasu bayan uban, rabonsa ya gangaro kansu.

Duk waɗannan suna da haƙƙi a gidan nan. Allah ne ya ba su. In babban wa ya sayar maka da gidan ɗungurungum ba da yardarsu ba, ya haɗa da abin da ba nasa ba. Ranar da suka tashi neman haƙƙinsu, kuɗin da ka biya ba zai rufe musu baki ba.

Ko da kasonsa kaɗai ya sayar maka, da sauran magana. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu na Shari'a ke bi, akwai abin da ake kira shufa'a. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya ratsa ta wannan babi. Ga ma'anarta a taƙaice. Mutane sun yi tarayya a gida ko gona da ba a raba ba. Ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare. To abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya abin da baren ya biya, ya karɓe kason. Wanda yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta shige, haƙƙinsa ya faɗi. Amma wanda ya yi tafiya, nasa haƙƙin yana nan yana jiransa, ko da ya daɗe bai dawo ba. Kun ga inda tsagar take? Ka saya, ka tare, ka haifi 'ya'ya a ciki, wata rana da yamma a yi sallama a zaure, ka fito ka ga baƙo da jaka a kafaɗa, ya ce gidan ubansa ne.

Yaya za a toshe ta? A fara raba gado, sannan a yi ciniki. In ba za a raba ba, a tara magada duka. Na ce duka, har da mata. Wanda yake nesa a kira shi a waya a gaban shaidu, ya naɗa wakili, a rubuta. In akwai rabon maraya a ciki, kada ka yarda a gama a zaure. A je gaban alƙali.

Bari in ɗan tsaya a kan mata, don abin yana damuna. Sau da yawa akan aika wa mace cewa za a sayar da gidan ubanta. Kunyar yayanta ta kama ta, ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe. Bakinta ne ya faɗa, zuciyarta ba ta faɗa ba. Ita za ta iya haƙuri har ta koma ga Allah. 'Ya'yanta ba za su yi ba. 'Yan'uwana maza, ku lissafa kasonta, ku damƙa mata a hannu. In ta ga dama ta mayar muku da shi kyauta, wannan ita ce yafiyar da ba ta da ƙura a bayanta.

Ka kuma tambaya ko gidan yana hannun jingina. Akwai wanda zai karɓi kuɗin wani a kan gida ko fili, bai fansa ba, ya juya ya sayar wa na biyu. Mai unguwa yakan sani. Maƙwabta sukan sani. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Yanzu mu zo kan iyaka. Kada ka yarda a tsaya a ƙofar gida a nuna maka da baki, daga can zuwa can. A kira maƙwabcin gabas da na yamma, da na kudu da na arewa. A taka tare. Katangar tsakani ta wace ce? Wa zai gyara ta in ta faɗi? Rariyar gidan ina take zubar da ruwa? Lungun da ake shiga na kowa ne, ko aro ne? In fili ne aka yanko daga gona, ka tuna gamba da aguwa da ake shata iyaka da su suna bushewa, ana kuma tuge su. A haƙa rami a kowace kusurwa, a kafa dutse, a zuba siminti. In akwai ɗorawa ko kuka ko tsamiya a ciki, a faɗa ƙarara ko da ita aka sayar. Mun sha ganin an sayar da ƙasa, mai ita ya ce bishiyar tasa ce har gobe.

To an daidaita. Mai gida ya ce ya sallama. An yi addu'a, an raba goro. Saura me? Saura rubutu.

Na san abin da wani zai ce. Ai ɗan'uwana ne, ai tare muka tashi, in ce ya rubuta min kamar ban yarda da shi ba? Malam, ba ni na kawo rubutu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a cikinta kuma aka yi umarni da kafa shaida in an yi ciniki. Wanda ya halicce mu ya san muna mantuwa, ya san muna mutuwa. Kai da amininka ba za ku yi rigima ba, na yarda. 'Ya'yanka da nasa fa?

A rubuta sunan mai sayarwa da na mai saye. A rubuta maƙwabtan kusurwa huɗu. A rubuta kuɗin da aka yi ciniki, da abin da aka biya, da abin da ya rage, da ranar cikawa. Ko kafin alƙalami ka bayar, a rubuta shi. Mai unguwa ya sa hannu, a kai wa dagaci, a kai wa hakimi. Ga wata shawara da ba a cika bayarwa ba: cikin shaidu a sa matasa. Mun saba kiran dattawa, kuma daidai ne, su ne masu daraja. Amma rigimar gida sai bayan shekara ashirin ko talatin take tasowa. A lokacin ana neman wanda ya gani da idonsa, yana kuma da rai.

In da hali, a biya ta banki, don kuɗi ya bar sawu. Dillali kuma a yanka la'adarsa tun farko, kowa ya ji. Akwai dillalai masu amana, da yawa ma. Duk da haka kada ka biya kuɗin gida ba ka haɗa ido da mai gidan ba.

Takardar nan kuma a adana ta. Garar da ke cin azara tana cin takarda. A naɗe ta a leda, a sa a gwangwani mai murfi. A yi mata kwafi a ajiye a wani gida. A ɗauki hotonta a waya.

Sai maganar hukuma, a gurguje. Tun shekarar 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi dokar da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Inda aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka. A karkara, ƙaramar hukuma ke ba da tata irin takardar. Don haka takardar dagaci shaida ce mai ƙarfi a kan cewa an yi ciniki, amma ba ita ce ta gwamnati ba. Mu nan sakatariyar ƙaramar hukuma tana cikin garinmu. Ka taka ka je sashen filaye, ka tambaya ko wurin nan ba hanya ba ce, ba filin makaranta ba ne, ba makiyaya ba ce. In kuwa a cikin Kano za ka saya, aka nuna maka takardar gwamnati, ka kai ta ma'aikatar filaye da hukumar KANGIS a duba maka kafin ka biya.

Wannan bangon takarda ke nan. Yanzu mu juya ga bangon ƙasa.

Mai saye, da rani kowane gida lafiyayye ne. Damina ce ke tona asirin gida. In kana da haƙurin jira, ka je ka ga wurin a watan Agusta, tsakiyar marka, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, gidan da kansa zai ba ka labari. Durƙusa ka dubi gindin bango. In ya zaizaye ya shige ciki, ruwa na kwanciya a nan. Ɗaga kai ka dubi rufi. Tabon ruwa ba ya ɓuya. Ƙwanƙwasa azara, in ta yi ƙarar fanko gara ta riga ka shiga. Ka tsaya a tsakar gida ka dubi titi: wanne ya fi tudu? In titi ya fi gidan tudu, ruwan unguwa baƙonka ne duk shekara. Ka kuma yi hattara da filin da ya cika arha. Sau da yawa tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Ƙasar ba ta zauna ba, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa maƙwabtanmu na Jigawa. Ka tafi da magini wanda ka yarda da shi, ka biya shi ladan dubawa. Kuɗi kaɗan ne a kan abin da zai tsare maka.

Yanzu kai mai sayarwa, ga taka.

Ka faɗi aibin gidanka. In ɗaki yana yoyo, ka ce yana yoyo. In rijiya tana ƙafewa da bazara, ka faɗa. Kada ka shafe tsaga da farar ƙasa ana gobe masu saye za su zo. Addininmu ya hana algus, ya kuma ba mai saye ikon mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Ban da haka ma, a gari kamar namu ina za ka ɓuya? Sahu ɗaya za ku tsaya da shi ranar Juma'a.

Ka fara sanar da 'yan'uwa da maƙwabta kafin ka kira bare. Maƙwabcin da iyali suka yi masa yawa ya fi kowa buƙatar wurin, kuma zai riƙe maka wannan mutunci.

Sannan, don Allah, kada ka sayar da inda kake kwana ba ka san inda za ka koma ba. Kuɗi a hannu narkewa yake. Kowa ya ga yadda kaya suka tashi bayan an cire tallafin man fetur a 2023. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Wanda ya sayar da gida da niyyar ya gina wani bayan wata shida, ya tarar kuɗin ba su kai shi ko linta ba. In lalura ce ta matsa, rashin lafiya ko bashi, ka zauna da 'yan'uwa tukuna. Wataƙila a sami wata mafita, ko a yanki gefe a sayar a bar maka sauran. In kuwa ba makawa, ka miƙa wa mai saye duk tsofaffin takardun da ke hannunka, ku kuma rubuta ranar da za ka tashi.

To, mun zo kan riƙon gida. A nan kowa yana ciki, mai saye da wanda ya gada.

Ina tuna muna yara, da hunturu ya shigo sai a tara ƙasa a ƙofar gida. A zuba mata ruwa da ciyawa, a tattaka, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Sannan a bi bango da yaɓe. A hau soro a toshe duk inda ya tsage. Masu hali su sa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ta hana ruwa ratsawa. Ba wanda ke jiran bango ya faɗi. Aikin shekara-shekara ne, kamar sharar gona. Shi ya sa za ka ga soron da kaka ya gina jika yana kwana a ciki. Gidan ƙasa ba ya gajiya in ana duba shi. Abin da ke kashe shi, a yi shekara uku ba a taɓa shi ba.

Wurare uku ruwa ke kama gida: kai, da ƙafa, da hanyar fita. Kai shi ne rufi. In soro ne, a duba indararo. In ya toshe ko ya karye, ruwa zai taru a sama, ko ya riƙa bin jikin bango yana cinsa. A sa mai tsawo, wanda zai watsa ruwa nesa. In kwano ne, a bi ƙusoshi, a duba katako, a tabbata an ɗaure rufin da jikin gini. Iskar farkon damina ba ta sallama. Ƙafa ita ce gindin bango. A yi masa dakali, a tuɗa ƙasa ta gangara waje, kada ruwa ya kwanta a jikinsa. Hanyar fita ita ce rariya da kwata. A yashe su tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Kada kuma ka juya ruwanka bangon maƙwabci.

Ga wani kuskure da ya yi yawa yanzu. Mutum ya sami kuɗi, ya shafe bangon ƙasa da siminti, ya ce ya huta da yaɓe har abada. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna sosai. Da zafi da sanyi sai filastar ta saki, ta yi 'yar tsaga. Ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ya zama kunu. In ka yi irin wannan shafe, ka riƙa bin sa kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji fanko, a fasa a gyara tun yanzu.

Gara kuma, da ka ga ta ja layin ƙasa a jikin bango ko katako, ka karya, ka bi sawunta har gidanta. Kada a jingina kara ko itacen girki da bangon ɗaki. Masai a nisanta shi da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna cewa a ba da tazarar kamar mita 30. In gidan bai kai ba, ka yi shawara da su kafin ka haƙa, kuma kada masai ya kasance ta saman gangare, rijiya ta ƙasa.

Maigida, ka saurari uwargida. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce ke tara kwanuka a ƙarƙashin ɗigo da tsakar dare. Ita ce ke ganin tsagar da ke bayan gado. In ta faɗa maka, kada ka ce sai an kwana biyu. In kuma marka ta yi marka, bango ya jiƙe ya fara kumbura ko ya karkata, a kwashe yara daga ɗakin a daren nan. Kowace damina muna jin labarin ginin da ya faɗa wa masu barci. Ɗaki ana sake gina shi.

Kuɗin gyara fa? Yanzu da amfani ke hannu, a ware buhu ɗaya a ce na gida ne. Kamar yadda ake ware iri. Abin da buhu ɗaya zai gyara a watan nan, biyar ba za su tayar da shi ba in ya faɗi a Agusta.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga roƙona gare ku. Gobe in Allah ya kai mu, bayan an idar da sallar Asuba gari ya waye, kowa ya zagaya gidansa sau ɗaya, ciki da waje, a hankali. Ya dubi rufi, ya dubi gindin bango, ya leƙa rariya. Da ya dawo ya buɗe akwati ya nemo takardar gidan. In ya same ta, ya duba ko shaidun da ke ciki suna raye. In babu takarda, mai unguwa yana nan kusa, maƙwabta ma suna nan. A same su a cikin makon nan.

Iyayena mata, wadda ta san tana da kaso a gidan mahaifinta, ta yi magana cikin ladabi, ba laifi ba ne. Matasa, in an kira ku shaida ku je, ku kuma karanta abin da za ku sa wa hannu.

Allah ya tsare mana gidajenmu da waɗanda ke cikinsu. Wanda ba shi da nasa, Allah ya hore masa.